Daga tasha zuwa masauki: tambayoyi da amsoshi kan tafiya, baƙunta da zumunci

Waɗannan su ne tambayoyin da 'yan'uwa da abokai suka fi yi mini duk sanda wani ya ɗaura niyyar tafiya, ko Kaduna ce ko Kumasi. Na tara su wuri guda don mai bukata ya duba.

Zan shiga Nijar karo na farko. Ta ina zan bi, kuma wace takarda zan riƙe?

Ya danganta da garin da ka nufa. Mai zuwa Maraɗi Katsina zai bi, ya wuce Jibiya, ya faɗa Ɗan Isa. Mai zuwa Damagaram ta Daura da Kongolam ya fi masa sauƙi, sai Matamaye. Basakkwace kuwa Illela ce ƙofarsa, yana tsallakawa ya shiga Birnin Ƙonni, daga nan ko ya hau Tawa ko ya miƙe Yamai ta Dogon Dutse da Doso. Mutanen Kabi suna da Kamba zuwa Gaya.

Ka riƙe fasfo da katin rigakafi. Tun yarjejeniyar 1979 ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar ECOWAS yana da damar shiga wata ƙasar ya yi kwana 90 ba biza. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, amma a ranar ƙungiyar ta ce a ci gaba da zirga-zirga yadda aka saba har sai an ji wata sanarwa. Duk da haka iyaka aba ce da ake kwana tana buɗe a wayi gari tana rufe. Najeriya ta rufe nata daga Agustan 2019 har Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Saboda haka ana gobe za ka tashi, leƙa tasha ka tambayi direban da ya dawo ranar. Labarinsa ya fi na rediyo sabunta.

A cikin Nijar manyan bas irin na Rimbo da STM da asuba suke tashi, kuma ba sa jiran kowa. A shingen jandarma akan sauke fasinja kowa ya nuna takardarsa. Ka sa taka a aljihun gaba, ka yi sallama, ka amsa abin da aka tambaye ka kawai.

An ce lissafin kuɗin Nijar yana rikita baƙo. Gaskiya ne?

Ƙwarai kuwa, kuma nan ne 'yan Najeriya suka fi yin asara ko su yi rigimar banza da mai shayi. A kasuwa ba da faran, wato sefa, ake ƙirga ba, da dala ake yi, dala ɗaya kuma sefa 5 ce. In aka ce maka dala ashirin, sefa 100 ke nan. In aka ce ɗari, ana nufin 500. Jika ɗaya ita ce 1,000. Hanya mafi sauƙi ita ce duk abin da aka faɗa da baki ka ninka shi sau biyar, in ban da jika.

Wani abin kuma, sefa iri biyu ce. Ta Nijar da Benin da Togo daban, ta Kamaru da Chadi daban. Darajarsu ɗaya, don dukansu an ɗaure su da yuro a kan farashi ɗaya, amma mai shago a Garwa ta Kamaru ba zai karɓi ta Maraɗi ba. In ka je Wapa a Fagge ko wurin 'yan canjin Zone 4 a Abuja, ka faɗi ƙasar da za ka. Ka nemi ƙananan takardu, don jika goma a hannun mai tasi da sassafe fitina ce.

Ka kuma sayi abin haɗa caja mai baki biyu zagayayyu. Soket ɗin Nijar irin na Faransa ne, na Gana ne irin namu.

Katin rigakafin nan dole ne? Wani ya ce a bakin iyaka ma ana sayarwa.

Allurar ce dole, katin shaida ne kawai. Ta cutar shawara ce, sau ɗaya ake yi, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce katin ba ya tsufa. Sai dai ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka kada ka bari sai ana jibi tafiya. A Najeriya ofishin lafiya na tashoshin jiragen sama da iyakoki ne ke bayarwa. Wanda ya sayi kati bai yi allura ba, jami'i ya yaudara, sauro kuwa ba ya duba takarda.

Ina so in je Gana ta mota. Akwai wahala?

Akwai gajiya dai. Daga Legas iyaka uku za ka tsallaka: Seme zuwa Benin, Hilakonji zuwa Togo, Aflawo zuwa Gana. Nisan bai kai kilomita 500 ba, amma sauka da hawa da buga hatimi kan cinye wuni guda. Motar da ke kai wa har Akara kai tsaye ta fi wa sabon shiga, don ma'aikatanta sun san kowane teburi. Mai yanka tafiyar gunduwa-gunduwa zai rage kuɗi, amma sai ya iya ciniki da 'yan acaɓa da masu cewa za su tsallakar da shi. Da ka shiga Togo ka mayar da agogonka baya da awa ɗaya, haka zai zauna har Gana.

In ka isa, ba ka ɓata ba. A Akara akwai Nima da Mamobi da Sabon Zango da Madina, a Kumasi akwai Aboabo da Asawase. Fataucin goro ne ya fara kai kakanninmu can, ta Salaga, tun kafin Bature ya shata iyaka. Da safe za ka sami koko da ƙosai, da rana wake da shinkafa, da dare tuwon zafi da tsire. Juma'a ka je babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021.

Shawara ɗaya: kada ka gyara wa kowa Hausa. Za ka ji an yi magana ba yadda ka saba ji a Kano ko Katsina ba. Tasu ce, sun gada, kuma yawancinsu suna jin Turanci da Tiwi da wani yaren a kanta. Baƙon da ya shigo da dariyar harshen mutane ba a sake gayyatarsa cin abinci.

Ina da aboki a garin. In sauka wurinsa ko in kama otal?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce nauyi, ko da yake ba a ɗauke ta haka ba. Iyayenmu ba su san otal ba. Bafatake yana isa gari sai ya nufi gidan mai masaukinsa, a ba shi ɗaki, a ajiye masa kaya da kuɗi, a haɗa shi da mai saye, in rigima ta taso a tsaya masa. Haka Sabo ta Ibadan ta kafu, haka Agege, haka Birikiteri a Yawunde. Da ɗan gari kan ci gari, har gobe. Abokin da ke zaune a garin zai gaya maka unguwar da ba a shiga bayan isha, da kuɗin mota na gaskiya, da asibitin da za a kai ka in zazzaɓi ya kayar da kai. Mai otal ba ruwansa da wannan.

Amma gidajen da aka yi wancan karamci a cikinsu masu zaure ne da shago da ɗakin baƙi. Abokinka na Abuja ko Legas ko Jidda wataƙila ɗaki biyu yake haya, da mata da 'ya'ya huɗu da banɗaki ɗaya. In ka sauka, yara za a kwasa a kai falo, uwargida kuma ta wuni da hijabi a cikin gidanta. Ba zai faɗa maka ba, kunya ba za ta bar shi ba. Kai ne za ka lura.

Abin da nake yi shi ne in kira tun da sauran mako guda, in ce, "Zan shigo garinku, ka nema mini masauki mai sauƙi kusa da kai." Na buɗe masa ƙofa biyu ke nan. In yana da wuri, zai ce, "Haba Malam, ina raye za ka kwana a otal?" In babu, zai nema mini ɗaki ba tare da ya ji nauyi ba, mu ci tuwon dare tare, kowa ya kwana da mutuncinsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kiran nan na "ga ni a tasha, turo mini kwatance". A ƙauye ya wuce, a birni zalunci ne. Wanda kuma ya shiga gari ya kama otal ya gama harkarsa ya fita bai nemi abokinsa ba, shi ma ya yi laifi, kuma labari zai kai.

In na sauka a gidan mutum, kwana nawa ya dace?

Hadisi ya ce liyafa kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ne, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai gida ba. Hausawa suka ce baƙo raɓa ne. Ka faɗi ranar tafiyarka tun daren da ka sauka, don uwargida ta san awon da za ta yi.

In dole ta sa za ka daɗe, kamar mai jinya ko mai jiran biza ko ɗalibi, to daga kwana na huɗu ka daina zama baƙo. Kada ka miƙa wa mai gida kuɗi a hannu, zai ƙi, wataƙila ma ya ji haushi. Ka dawo da cefane kawai, ko ka sa katin wuta, ko ka cika tukunyar gas ba tare da shawara ba. Ka ci abin da aka ci. Ka riƙa fita da rana ko ba ka da wurin zuwa, don mutanen gida su sake. In ka ji miji da mata suna sa-in-sa, ba ka ji ba, kuma in ka koma gida ba ka gani ba.

Wace tsaraba zan kai?

Abin da garinku ya fi nasu. Daga Maiduguri turaren wuta da humra da hula, daga Nijar cuku da kilishi da dabino, daga Jos dankalin Turawa da kayan lambu, daga Sakkwato kayan fata, daga Bida tagulla, daga Gana atamfa. Wanda ke zaune a Turai ko ƙasar Larabawa kuwa, kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya da yaji sun fi masa shadda.

Ka fara da uwargida da yara. Abokinka hira zai yi da kai, ita ce za ta tashi da asuba ta dafa ruwan wankanka. Tsarabar da ta tsallake ta ta faɗa hannun mai gida kaɗai ba ta isa inda ya kamata ba.

Mutane suna ta kawo mini saƙo in kai wa 'yan'uwansu. Yaya zan ƙi ban ɓata da kowa ba?

Ba sai ka ƙi duka ba, amma ka kafa sharaɗi ɗaya ga kowa, har da yayarka: duk saƙo a buɗe shi a gabanka, kai za ka ɗaure da hannunka. Wanda ya ce ba a buɗewa, ya nemi wani. Magani kuwa, in ba da takardar likita ba, kada ka taɓa. Tramadol da wasu ke sha a nan kamar ba komai ba, a Saudiyya da Masar da Dubai ɗauri ne mai tsawo, safarar ƙwaya a Saudiyya kuma hukuncinta na iya kai wa ga kisa. Goro ma hukumar alhazai kullum tana gargaɗi kada a kai shi can.

Ba a manta da ɗalibar nan da aka kama a Saudiyya a Disambar 2018 ba, saboda wata jaka mai ƙwaya da aka liƙa wa sunanta a filin jirgi ba da saninta ba. Sai a Afrilun 2019 aka sake ta, bayan bincike ya gano masu hannu a ciki. Darasin a aikace shi ne ka tsaya a kan kayanka har a auna, ka ƙirga 'yan takardun shaidar kaya da aka manna maka, su yi daidai da yawan jakunkunanka, ka ɗauki hotonsu a waya.

A filin jirgi in wata baiwar Allah ta ce, "Ɗana, kayana sun yi nauyi, ɗaukar mini wannan," ka ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, doka ta hana." In kana da hali ka taimaka mata da kuɗin awo.

Zan iya shiga Ingila ko Amurka da kilishi?

A'a. Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai sun hana matafiyi daga ƙasashenmu shigo da nama da kayan madara, Amurka ma haka take a kan nama. Kilishi da dambun nama da man shanu da cuku duk sun shiga ciki. In an tambaye ka ko kana ɗauke da abinci, ka faɗi gaskiya: wanda ya faɗa, ƙwacewa za a yi, wanda ya ɓoye aka gani, tara ce. Zuma da manja da duk wani abu mai ruwa su shiga babbar jaka, don ta hannu ba a wuce mililita 100. Batirin cajin waya kuma akasin haka, a hannu ake riƙe shi. Kuɗin da ya haura dalar Amurka 10,000 sai ka bayyana wa kwastam kafin ka fita Najeriya.

A cikin gida fa, motar tasha ko ta bakin titi? Dare ko rana?

Tasha, kuma rana. Ta bakin titi ta fi araha, amma ba wanda ya san direban, ba wanda ya rubuta sunanka. A tasha akwai 'yan kamasho da shugabannin ƙungiya da suka san kowace mota, akwai takardar da fasinja ke rubuta suna da lambar ɗan'uwa. Ka cika ta da gaskiya, ba don ado aka ajiye ta ba. Kafin a tashi ka tura wa na gida lambar motar.

Tafiyar dare a hanyoyin Zamfara da Birnin Gwari da wasu sassan Katsina da Neja ba jarumta ba ce. Sammako ya fi, ka isa da sauran rana. Tsakanin Abuja da Kaduna akwai jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa tun 2016. An kai masa hari ranar 28 ga Maris 2022, ya tsaya har Disambar shekarar sannan ya dawo aiki. Ka sayi tikiti da wuri, ka je da katin shaida. Mai hawa jirgin sama a Disamba da Janairu kuma ya sa hazo a lissafi, don yakan hana sauka a Kano da Maiduguri da Sakkwato. Kada ka sa ɗaurin aure da jirginka a safiya ɗaya.

Za mu yi tafiya da aminina. Yaya za mu yi da kuɗi?

Ku yi maganar tun a gida, kuna dariya. Kowa ya zuba daidai a hannun mutum ɗaya don mota da masauki da abinci, sayayya kuma kowa da aljihunsa. In ɗaya ya fi ƙarfi yana son ɗaki mai sanyi, ya biya bambancin ya yi shiru. Rance a hanya a rubuta shi a waya nan take. Abota da yawa ta mutu a kan kuɗin da ɗaya ya ɗauka kyauta ne, ɗaya ya ɗauka bashi ne.

Ku kuma yarda cewa ba dole ku wuni tare ba. Wani kasuwa yake so, wani barci.

Abokina ya tafi waje ya canza. Ba ya ɗaga waya, sai ya ga dama ya amsa saƙo.

Kafin ka yanke masa hukunci, duba saƙonni biyar na ƙarshe da ka tura masa. In huɗu a ciki roƙo ne, ka sami amsarka. Mutumin da ke Landan ko Riyad ko Gwanzu ta China yana karɓar irin wannan daga mutum ashirin, kowa yana lissafa masa albashi da canjin Wapa, ba wanda ke lissafa masa haya da haraji da kuɗin jirgin ƙasa. Da yawa aikin dare suke yi, sanda kake kira suna barci. Hoton da ya sa a Facebook cikin rigar sanyi a gaban dogon gini na minti ɗaya ne a cikin mako.

Gwada tura masa labarin gida ba tare da bukata ba: wane ya yi aure, an yi ruwa jiya, na biya na gaida Inna tana lafiya. Wannan na ƙarshen ya fi komai. Wanda ke duba maka mahaifiya kana nesa ba ka ƙin ɗaga wayarsa. In ka yi haka wata da watanni bai motsa ba, to ya canza ɗin, akwai masu canzawa. Ka bar shi, ka ci gaba da gaida Inna.

Ni mace ce, zan yi doguwar tafiya ni kaɗai. Me za ka ce?

'Yar'uwa, hukuncin muharrami ki tambayi malaminki. Ta fuskar doka dai, Saudiyya ta sanar a 2022 cewa mace na iya zuwa Umra ba tare da shi ba. Ta fuskar hanya, ki zaɓi motar safe, ki nemi kujera kusa da wata mace, ko da za ki jira mota ta gaba. A san wanda zai tarbe ki, ya kasance yana tasha kafin ki iso. Kuɗi ki raba su wuri biyu. Wanda kuma ya zo miki da maganar aikin gida a ƙasar waje, shi zai yi fasfo, shi zai biya jirgi, ki biya daga baya, ki kai maganar gaban manyanki da hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane kafin ki ba shi ko hoto.

Daga ina ake fara ƙasaru?

A mazhabar Malikiyya tafiyar ta kai mil 48, wajen kilomita 80. Kano zuwa Zariya ta kai, Kano zuwa Wudil ba ta kai ba. Ana farawa in an bar gidajen gari, Azahar da La'asar da Isha su koma raka'a biyu. In ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a inda ka sauka, sai ka cika, haka ma in ka bi limamin gari. Ka riƙe 'yar buta da darduma a jakar hannu, don ba kowane direba ne ke tsayawa inda akwai ruwa ba.

Na dawo gida lafiya. Akwai sauran abin da ya rage a kaina?

Akwai. Kafin ka kwance kaya ka kira mai masaukinka ka ce ka sauka, ka ce a ba uwargida ka yi mata godiya da bakinka, ka gaida yara da sunansu. Bayan mako biyu ka sake kira ba don komai ba. In ka yi alkawarin aiko da wani abu, ko hula ce ko maganin gargajiya, ka kai tasha a makon nan, ka ba direba lambarsa, ka biya kuɗin saƙon daga nan. Ranar da ya ce zai shigo garinku kuma, ka soke abin da ke gabanka ka je tasha da kanka.